Bashin yazawa ne ya kai ni tsaunukan Sapa

A kasuwar Dawanau na tashi. Mahaifinmu dillalin hatsi ne, kuma tun ina firamare nake bin sa rumfa ranakun da babu makaranta, ina riƙe masa littafi yana ƙirga buhunan gero da wake da riɗi. Ni ne ɗan fari, shi ya sa Hajiya ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai ta ce "kai" ko "wannan yaron". Da Allah ya yi wa Baba rasuwa ina shekarar ƙarshe a jami'a, sai rumfar da ɗawainiyar gidan suka dawo kaina. Abin da ya bari bai kai a kira shi dukiya ba, amma ya bar suna. Duk layinmu an san idan ya ce gobe, to goben ce.

Da sunan nan na fara tara wa masu fitar da kaya waje riɗi da zoɓo da citta, ina aikawa Legas. Daga baya na shiga harkar yazawa. Ba a cika noma ta a wajenmu ba, sai an gangara Kogi da Kwara da Oyo, wajajen Anyigba da Ogbomosho, daga watan Fabrairu zuwa faɗuwar damina. Kusan duk abin da muke tarawa da ɓawonsa ake fitar da shi, kuma Biyetnam ce kan gaba wajen saye, domin ita ce ta fi kowace ƙasa fasa yazawa a duniya, musamman a yankin Binh Phuoc da ke kudu. A 2017 duk wanda ya taɓa yazawa ya ji daɗi. A farkon 2018 tan ɗaya ya haura dala 2,000, sai na yanke shawarar in fitar da kaya da kaina maimakon in tsaya a Legas.

Ban roƙi kowa kuɗi ba, kawo mini aka riƙa yi. Kawuna ya kawo, abokan Baba su ma suka kawo, Hajiya ta sayar da gwal ɗinta ta ba ni. Wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ta kawo kuɗin marayunta a ƙulle a leda, ta ce ta san gidan da na fito.

Kayan sun daɗe a kan layin shiga tashar jiragen ruwa, suka kuma shafe fiye da wata guda a teku. Kafin su isa birnin Ho Chi Minh, farashin ƙwayar yazawa ya faɗi a kasuwar duniya, masana'antu da dama sun rufe, bankuna sun ƙi ba da rance. Wanda na ƙulla ciniki da shi ɗan kafin alƙalami kawai ya biya, sauran sai kaya sun iso. Da suka iso sai ya ce danshi ya yi yawa, awon kuma bai kai ba. A harkar yazawa akan ɗebi samfuri a fasa, a lissafa nauyin ƙwaya mai kyau da buhu mai kilo 80 zai bayar, kuma da wannan lissafin ake ɗaga kaya ko a kayar da su. Idan kasuwa tana sama ba wanda ke tsananta awo. Idan ta faɗi, kowane buhu sai an samo masa aibi. Ba da jimawa ba ya daina ɗaga wayata.

Na tashi na bi kayana. A masallacin titin Dong Du na yi babbar sallar shekarar, cikin Indiyawa da 'yan ƙabilar Cham da 'yan Malesiya, babu wanda na sani. Kullum kuɗin ajiyar kwantena yana hawa, har ya zama idan na ƙara jira, kayan ma ba za su biya kuɗin zamansu ba. Na sayar wa wani dillali a kan abin da ya ga dama. Da na biya kuɗin tasha da na masu fito, abin da ya rage a hannuna bai kai ya rufe bakin mutum biyu daga cikin masu bina ba.

Abin da ya same ni bayan nan shi ne dalilin wannan rubutu. Barci ya ƙaurace mini. Abinci ba ya shiga. Wani nauyi ya zauna mini a ƙirji wanda ko numfashi sai na yi da gaske. Wayata kuwa ta zama abin tsoro, ko ƙara ta yi sai gabana ya faɗi. Na fara da jinkirta amsa saƙo, na koma ba na buɗewa, daga ƙarshe na cire layin gida na jefa shi a aljihun jaka. Tikitin komawata ya wuce ina kwance a ɗakin haya ina kallon fanka. Asarar kuɗin ba ta kai kunyar ci na ba. Ina rufe ido sai in ga fuskar matar nan da ledarta.

Wata safiya na sayar da akwatina, na sayi jakar goyo ta hannu irin wadda Turawa 'yan yawon duniya suke ratayawa, na shiga jirgin ƙasa mai zuwa Hanoi, tafiyar kilomita fiye da 1,700, sama da sa'a 30. Ba yawon buɗe ido na fita ba, gudu nake yi, kuma arewa ce kawai inda hanya ta miƙe. Na yi Juma'a a masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc, daga nan na hau jirgin dare zuwa Lao Cai, garin da ke kan iyaka da ƙasar Sin. Da gari ya waye na taka har bakin gadar da ta haɗa shi da garin Hekou na Sin, na tsaya ina kallon mata suna tura kekuna shaƙe da kaya suna tsallakawa. A nan zuciyata ta raya mini cewa in nemi wata ƙasa in shige, in canza layi, in yi ɓatan dabo, in bar mutane su ɗauka na mutu. Na daɗe a tsaye da wannan tunani. Ban tsallaka ba, kuma ban fasa tunanin ba, na dai shiga ƙaramar bas mai hawa Sapa saboda wani yaron mota ya ja hannun jakata.

Tafiyar awa guda ce da 'yan mintuna, hawa ne da kwana-kwana har kunne ya toshe. Sapa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500. Faransawa ne suka mayar da ita wurin shan iska a zamanin mulkin mallaka, suna gudun zafin Hanoi, kuma cocin dutse da suka gina yana nan a tsakiyar gari, gaban wani fili da kowa ke haɗuwa da yamma. Yaƙin iyaka da Sin na 1979 ya taɓa yankin, sai a shekarun 1990 baƙi suka fara dawowa. Lokacin da na je, garin kansa bai burge ni ba. Ko'ina gini ake yi, otal a kan otal, manyan motocin yashi suna ta kai-kawo a ƙananan tituna. Da dare kuma sai ka ga yara ƙanana cikin kayan gargajiya zaune a kan tabarma a sanyi suna sayar da awarwaron zare, wata ma da ƙaninta a goye. Wannan ya tsaya mini a rai. Na san talla, a cikinta muka tashi, amma yaron da ake ajiyewa a sanyin dare don tausayi ya sa baƙo ya ciro kuɗi, ban ga abin sha'awa a ciki ba.

Na samu gado a ɗakin da ake kwana da yawa, mafi arha a garin. Sanyin ruwan alwalar asuba har cikin ƙashi nake jin sa, ga shi watan Satumba ne, hunturu bai ma shigo ba. Abinci ya zama aiki, domin alade yana cikin kusan komai, har romon da za ka ɗauka na ganye ne. Na tsaya a kan dafaffen ƙwai da gasasshiyar masara da dankalin Hausa da shinkafar da ake dafawa a cikin gora, wani lokaci kifi, don suna kiwon kifin ruwan sanyi a can. Baƙar fata kuwa abin kallo ne. Wasu su nemi hoto, wata tsohuwa ta shafa hannuna ta duba yatsunta. Ban ji haushi ba, asali ma na samu sauƙi da kasancewa inda ake kallona saboda launina kawai, babu wanda ya san ana bina ko sisi.

Na zaga wuraren da kowa ke zuwa, don zama wuri ɗaya yana ƙara mini ciwo. Na hau dutsen Ham Rong da ke bayan coci, inda ake hango garin gaba ɗaya idan gajimare ya janye. Na gangara ƙauyen Cat Cat, wanda sai an yanki tikiti ake shiga. Akwai ruwa mai zubowa daga dutse da tsohon gidan wutar lantarki na Faransawa, amma rabin wurin shagunan hayar kayan ado ne na masu ɗaukar hoto. Na hau ɗan acaɓa zuwa Thac Bac, wani dogon ruwa fari da ke faɗowa daga tsauni a gefen titi, muka wuce har mashigar O Quy Ho, inda gajimare ke ratsa mutum yana tsaye. Fansipan, tsaunin da ya fi kowane tsayi a ƙasar da mita fiye da 3,100, daga nesa na gan shi. Tun 2016 aka kafa masa ƙananan ɗakunan gilashi masu tafiya a rataye da igiyar ƙarfe, suna kai mutum kusa da ƙololuwa cikin kamar minti 15, tafiyar da a da sai an kwana a hanya. Kuɗin hawan ya fi ƙarfin aljihuna. Duk wannan yawo na yi shi ne ido yana gani, zuciya tana Dawanau.

Matan ƙabilar Hmong su ne masu jagorancin baƙi zuwa ƙauyukan kwarin Muong Hoa. Da safe za ka same su a ƙofar masauki da kwandunan gora a baya da baƙaƙen kayansu, suna Turancin da suka koya daga bakin baƙi, da yawansu ba su taɓa zama a aji ba. Wata da za ta yi sa'ar ƙanwar Hajiya ta bi ni har sau nawa ina ƙi. Da na ce mata ba ni da kuɗi, sai ta ce ai gida za ta koma ko da ni ko babu ni, in ba ta abin da ya sawwaƙa.

Muka gangara ta hanyar Lao Chai zuwa Ta Van. An yi ruwa da dare, hanyar duk santsi da jan laka, ni da takalmin birni, ita da takalmin roba na ruwa. A gangare sai ta miƙo hannu ta riƙe ni kamar yaro. Lokacin girbi ne. Tun daga bakin rafi har inda ido ya ƙure, gonakin shinkafa ne hawa-hawa da aka sassaƙa a jikin tsauni, kowanne da ɗan shingen ƙasa mai tare ruwa, wasu faɗinsu bai wuce ɓauna ta juya da garma ba. Ruwan daga saman tsauni ake jawo shi ta cikin gora da ƙananan magudanai, ya cika gona ta sama ya malala ta ƙasa. Sau ɗaya suke noma a shekara saboda sanyi. Abin da aka girbe a Satumba shi za a ci har wata Satumbar. Mutane suna ta yanka da lauje suna bugun damin a cikin wani babban akwatin katako, ƙwayar tana zuba.

Da ta riƙe hannuna na lura tafinta da farcenta shuɗi ne har ya koma baƙi. Na san wannan hannun. Kakana na wajen uwa marini ne a Kura, kuma haka hannunsa yake har ya koma ga Allah. A gidanta na ga ganga cike da ruwan baba tana kumfa, da warin nan da duk wanda ya taɓa bi ta karofin Ƙofar Mata ba zai manta ba. Da zaren ɓawon wani tsiro mai kama da rama suke saƙa, su tsoma a shuni su shanya, su sake tsomawa har ya yi duhu. Daga nan sai a shafa kakin zuma, a ɗora ƙyallen a kan gungume, mace ta hau kan faffaɗan dutse tana murzawa da ƙafa har ya yi sheƙi irin na turkuɗin da mabuga ke fitarwa. Na zauna a bakin ƙofar na rasa abin cewa. Tun da na bar gida, ranar ce na fara tuna Hajiya ba tare da gwal ɗinta ya faɗo mini a rai ba. Ita kanta na tuna, da labarin da take ba mu na yadda take kai wa mahaifinta fura a karofi.

Da dare suka kawo giyar shinkafa, na ce addinina ya hana, suka janye ba tare da wata magana ba, ta soya mini ƙwai da ganye a tukunya daban. Ina tambayarta game da ɓaunarsu sai labari ya fito. A watan Janairun 2016 an yi wani sanyi da har ƙanƙara ta sauka a Sapa, dabbobi da yawa suka mutu a tsaunukan arewa. Tasu ɓaunar tana ciki, ga gonar wani ɗan yaji mai ƙamshi da suke nomawa a daji suna sayar wa 'yan Sin ita ma ta ƙone. Ɓauna a wurinsu ita ce garma, ita ce ajiya. Sai da suka ci bashi a wurin dangin mijinta da nata kafin suka sayi wata. Ta riƙa lanƙwasa yatsun nan nata masu shuni tana lissafa mini: wannan an gama da shi, wannan saura kaza, wannan sai bayan girbi. Na tambaye ta ko ba ta jin nauyin haɗuwa da su. Ta kalle ni da mamaki, ta ce ai duk ranar kasuwa sai ta bi ta gidajensu, ko da ba ta da abin bayarwa, don su gan ta su san tana nan.

Ba wa'azi take mini ba, ba ta ma san halin da nake ciki ba. Amma maganar ta hana ni barci. Na san ayar bashi, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, na san umarnin a rubuta, na kuma san an ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Duk na karanta su a Islamiyya. Abin da na kasa shi ne in tsaya a gaban mutanen su gan ni. Na fahimci cewa shiruna ya ɗora musu wata azabar a kan asarar, domin wanda ya yi asara ya san abin da ya same shi, su kuwa ba su san ko kuɗin ne ya tafi ba, ko ni ne na ci, ko gawata ce a wata ƙasa.

Da asuba na ciro littafin da nake rubuta lissafin kaya, na juya bayansa, na rubuta sunan kowa da abin da ya ba ni. Hannuna yana rawa. Da rana ta yi, lokacin da na san gari ya waye a Kano, don Biyetnam tana gaban Najeriya da awa 6, na hau wani tudu inda ake samun sabis, na mayar da layina. Saƙonni suka yi ta shigowa, ban buɗe ko ɗaya ba, na kira Hajiya.

Ta ɗauka ta yi shiru. Na ce, "Hajiya, ni ne." Sai ta ce, "Kai, kana da rai?" Na ce ina da rai. Ta yi hamdala ta sake yi, muryarta tana rawa. Na fara ba ta labarin kayan, ta katse ni ta ce wannan ta riga ta ji a bakin 'yan kasuwa. Ta ce, "Mutane suna zuwa gidan nan kullum, ni nake fita ina ba su haƙuri, ban san me zan ce musu ba. Gwal ɗina na yafe maka duniya da lahira. Amma kuɗin marayu ba nawa ba ne balle in yafe. Ka dawo ka faɗa musu da bakinka." Na tsuguna a gefen gonar mutane na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

A kan tudun nan na kira kawu. Ya yi faɗa sosai, ya ce, "Ɗan nan, da ubanka ne da tun ranar farko mun ji." Na ce haka ne, Kawu. Matar nan mai marayu ita na bari ƙarshe don ita na fi tsoro. Ta saurare ni har na gama, ta ce Allah ya mayar da alheri, sannan ta tambaye ni yaushe zan dawo, domin kuɗin makarantar babban ya matso.

Wani abokin karatuna ne ya haɗa mini kuɗin jirgi, shi ma na rubuta shi a littafin. Da na dawo muka zauna a zauren kawu da wani malami da shaidu, aka rubuta komai, aka tsara wanda za a fara biya. Na sayar da motata da filin da na mallaka, aka fara da marayu. Rumfar Baba na ba da hayarta, na koma yaron wani Alhaji ina yi masa awon riɗi, a layin da a da ake gaishe ni da girma. Wasu sun yi mini sauƙi, wasu sun kai ni ƙara, kuma ba na ganin laifinsu. Nauyin ƙirjin nan bai tafi don na dawo ba. Sai da ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta matsa mini na ga likita, ya ce ciwon damuwa ne, na sha magani na wani lokaci tare da addu'a kafin barcina ya daidaita. Ina faɗin wannan ne saboda na san 'yan kasuwa da yawa da karaya ta kwantar, ana cewa sammu ne ko hawan jini, su kuma sun kulle kansu a ɗaki sun kashe waya kamar yadda na yi.

Annobar korona ta 2020 ta mayar da ni baya, biyan ya tsaya na tsawon watanni, amma ko a lokacin ina kiran kowa ƙarshen wata in faɗa masa inda aka kwana. Kawu ya rasu ban gama da shi ba, sai magadansa na cika wa. Ɗaya daga cikin abokan Baba har yau idan na gaishe shi da kai kawai yake amsawa, duk da ya karɓi kuɗinsa cif.

Yanzu na karɓi rumfar Baba, ina harkar zoɓo da riɗi, kuma ba na ɗora kaya a jirgi sai kuɗi sun shigo ta banki. Kuɗin marayu ko na gwauruwa ba na karɓa ko da an haɗa ni da Allah. A littafin nan saura suna biyu ban soke ba, kuma mun yi da su cewa bayan kakar zoɓon bana zan kai wa ɗaya nasa gaba ɗaya, ɗayan kuma rabi.